Kamfaninmu na neman masu raka jirgi ɗauko kayan korona daga Chaina, in sa hannu?

Bash na Badariya:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Wasunku sun san ni ma'aikacin jirgi ne, cikin masu hidimar fasinja. Tun da aka rufe filayen jirgi saboda korona a watan Maris ɗin nan na 2020 na dawo gida Birnin Kebbi. Albashin Maris rabi aka ba mu, na Afrilu kuwa saƙon ban haƙuri kawai muka gani. Jiya oganmu ya kira ya ce an samu haya, za a je Chaina a ɗauko takunkumi da safar hannu da rigunan kariya. Babu fasinja ko ɗaya, kwalaye za a jera a kan kujeru. Alawus dala 600, in an dawo a killace mutum kwana 14. Ya kuma turo wata takarda da ta ce in ka kamu da cutar a hanya kamfani ba ruwansa.

Maiɗakina na da tsohon ciki, ana sa ran bayan sallah kaɗan. Inna kuma na fama da suga da hawan jini, gida ɗaya muke. Don Allah kar a kai mu ga gardamar ko korona gaskiya ce. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya, ko ɗan'uwansa ya yi: ana sauka a can ko cikin jirgi ake zama? Wa ke biyan otal ɗin killacewa? Takardar nan haka kowa ke sa mata hannu? Jibi zan ba da amsa.

Ɗan Gesse:
Dala 600 a wannan marra kana tsayawa tambaya? Dala ta haura 400 a kasuwar bayan fage, ka yi lissafi. Ba ni lambar ogan naku.

Maman Walid:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, mi Inna tac ce? In ta ce a'a magana ta ƙare, ko dala dubu goma ce.

Kifin Argungu:
Kai kam ka huta. Kwali ba ya danna ƙararrawa, ba ya neman ƙarin nama, ba ya rantsuwa cewa kujerar taga tasa ce. Ka taho mini da batirin sola guda biyu.

Baba Kaftin:
Bashiru ɗana, na daɗe ina aikin lodi a filin jirgin Kano, har da jigilar alhazai. Abin da yara ba su sani ba, ko kafin annobar nan kusan rabin kayan da ake ɗauka ta sama a duniya a ƙarƙashin ƙafar fasinja suke tafiya, wurin da ake zuba jakunkuna. Fasinja sun daina tafiya, wannan gurbin ya tafi, ga kowace ƙasa na neman takunkumi rana ɗaya. Shi ya sa jiragen mutane suka koma dakon kaya, kamfanin Habasha ma har kwance kujeru yake yi. Takunkumi ba shi da nauyi, wuri yake ci, jirgi zai cika maƙil bai kai rabin ƙarfinsa ba.

Ku kuma ba don raba shayi za a tafi da ku ba. A ƙasa akwai na'urar jin hayaƙi da mai kashe wuta. A sama inda kujeru suke idon mutum da hancinsa ne na'urar. Aikinku zagaye da tukunyar kashe gobara har a sauka, kuna duba ko ragar da aka ɗaure kwalaye da ita ta saki, ko an toshe hanyar fita. Kada ka yarda a hau sama da man wanke hannun nan mai sinadari, wuta yake jira. Batir ma haka, don haka mai neman batirin sola ya nemi wani. Lodi kuwa ta ƙofar fasinja ake yi, hannu da hannu, kwali ɗaya bayan ɗaya. Bayanka zai gaya maka.

Ɗan Gesse:
Baba, da girmanka, amma kaftin ɗin nan na zaure ne. Ka taɓa tashi kuwa, ko ɗaga wa jirgi hannu kake yi?

Baba Kaftin:
Lokacin da nake ɗaure kaya a cikin 747 ba a yi maka kaciya ba.

Hajiya mai atamfa:
Ni dai Guangzhou ta Chaina ce kasuwata. Kun manta abin da aka yi wa 'yan Najeriya a can cikin Afrilu? An fitar da mutane daga gidajen haya da otal, suna kwana a titi, har sai da Kakakin Majalisa Gbajabiamila ya kira jakadansu ya nuna masa bidiyo. In an ce ka sauka kada ka sauka. Kuma dala 600 raini ne. Wakilina ya ce mini kilo ɗaya yanzu dala 14 ne zuwa Legas, abin da muke biyan 5 ko 6. Ka duba abin da kamfaninku zai kwasa.

Sani Kemis, Jega:
Hajiya wakilinki na cin ki. Dala 9 aka faɗa mini shekaranjiya.

Hajiya mai atamfa:
To ka aiko da naka a dala 9 mu gani ko zai iso kafin babbar sallah.

Abu Maradun:
Ina karantawa tun ɗazu raina na ɓaci. Ba da kai nike ba Bashir, da wanga zance na "ɗauko kayan ceton rai" nike.

A 2017 da sankarau ya faɗo muna, kullum rediyo na faɗin an kawo allura, jirgi ya sauka Abuja, allura 500,000 na zuwa Zamfara. Mu muna nan muna jin wuyan yara na sanƙarewa. Ɗiyata ta biyu, shekararta shida, da la'asar tac ce kanta na ciwo, kafin asuba ba ta iya duban haske. Munka kai ta asibiti, ba gado, anka shimfiɗa mata tabarma gindin bedi, ledar ruwa na rataye ga reshe. Ma'aikacin yac ce maganin da anka kawo ya ƙare, in tafi Gusau in sayo. Na sayar da tunkiyar uwarta a rabin kuɗi, na hau mashin, na shiga kemis bayan kemis. Inda na samu, kwalbar na ɗauke da tambarin cewa kyauta ce, ba ta sayarwa ba. Mai shagon ya sa babban yatsa ya rufe wurin yana faɗa mini kuɗi. Na biya, mi zan yi? Na iso bayan magariba na iske an rufe ta da zanen uwarta.

Masu rigakafi sun zo garinmu bayan mun yi addu'ar bakwai. Ƙannenta sun samu, alhamdulillahi. Amma har yau in na ji an ce jirgi ya sauka da kayan agaji, yatsan mutumin nan nike gani. Fiye da mutum 1,000 sunka mutu a wannan shekara, mafi yawa nan yankinmu. Kai za ka bar mace da ciki da tsohuwa mai suga, ka kwana tsaye kana gadin kwali, a ƙarshe kwalin ya kwana sito ko shagon wani. Ni ban ce kar ka tafi ba. In za ka tafi, ka tafi don kuɗinka, kar wani ya ruɗe ka da zancen taimakon al'umma.

Maman Walid:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ce, Malam Abu. Wallahi na kasa ƙarasa abincin.

Sani Kemis, Jega:
Allah ya jiƙanta. Amma don Allah kar a yi mana kuɗin goro, ba kowane mai kemis ke sayen kayan sata ba. Kuma a 2017 matsalar ba sata kaɗai ba ce. Rigakafin da aka yi wa mutane a baya na nau'in A ne, sai nau'in C ya zo, allurarsa kuma ko a duniya ba ta da yawa. Wadda ta iso ɗin, da ta ceci ƙannenta, ai jirgi ne ya kawo ta.

Abu Maradun:
Jirgi ya kawo ta Abuja. Daga Abuja zuwa Maradun jaki ma ya fi su sauri.

Malam Na Gwandu:
Allah ya ba da haƙuri. Bashir, akwai hadisi ingantacce da ya hana shiga ƙasar da annoba ta ɓarke, ya kuma hana na ciki fita. Ka yi istihara, ka nemi yardar mahaifiya. Arziki ba ya ƙarewa a tafiya ɗaya.

Kifin Argungu:
Allah gafarta Malam, to yanzu wace ce ƙasar annobar? Su sun buɗe Wuhan, garin da cutar ta fara ɓulla, tun 8 ga Afrilu, mu kuma ga yawan gawarwakin da ake binnewa a maƙabartun Kano, ga shi ta shigo Sakkwato da Gusau da Birnin Kebbi. Ko Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa da ta kashe, ba a Chaina ya kwaso ta ba. Kila Bash ya fi tsira a sama da a kasuwar Jega.

Malam Na Gwandu:
To ai ka ƙarfafa maganata, na ciki ma an ce kar ya fita. Kai da ka san kamun kifi kawai, ka bar fatawa ga masu ita.

Sista Zuru:
Ina jin ku. Kowa na ba Bashir shawara kamar kayan nan ba su da mai jiran su. Mu ne masu jiran. A asibitinmu takunkumi ɗaya nake sawa har ya yi laushi, in fesa masa sinadari in shanya. Safar hannu 'yan'uwan majiyyaci muke sa wa su sayo. Kayan da attajirin nan Jack Ma ya bayar, da jirgin Habasha ya kawo Legas a watan Maris, takunkumi 100,000 ne da kayan gwaji 20,000 da rigar kariya 1,000. A raba wa jiha 36 da Abuja, nawa zai iso Zuru? Air Peace ma ta je da Boeing 777 ta dawo Abuja ranar 8 ga Afrilu da kaya da tawagar ma'aikatan lafiya 15 'yan Chaina, ƙungiyar likitoci ta yi ta faɗa a kai. Mun gani a talabijin, a nan abin ya tsaya.

Kuma ku da ke cewa dala 600 raini ne, alawus ɗin haɗari na ma'aikacin lafiya a 2020 ɗin nan Naira 5,000 ne a wata. An ce za a ƙara, muna jira. Ni ba kwali nake taɓawa ba, mai tari nake taɓawa, in koma gida wurin yarana ba wanda ya killace ni a otal.

Bash na Badariya:
Na gode ƙwarai, Malam Abu Allah ya jiƙan yarinya. Inna ta ce ita ba ta hana ni ba, amma ta juya mini baya tana faɗa. Har yanzu dai ba wanda ya taɓa zancen takardar da kuɗin otal.

Lauyan Gindin Mangwaro:
Ni ba lauya ba ne amma na yi aiki a ofishin lauya. Kar ka sa hannu sai sun rubuta uku: su za su biya otal da abinci, su za su biya gwaji da jinya, kuma akwai inshorar rai da sunan matarka. Yaron maƙwabcinmu da ke aiki da wani kamfanin Larabawa ya yi irin ta, matuƙa biyu biyu aka tafi da su, ba wanda ya taka ƙasa, aka yi lodi aka juyo. Dala 1,500 aka ba shi.

Ɗan Gesse:
1,500 ina? Ni wanda na sani dala 200 aka ba su da katan ɗin ruwa. Bash in ka tsaya kafa sharaɗi wani zai karɓe, in an buɗe filin jirgi kuma sunanka ne farko a takardar sallama.

Lauyan Gindin Mangwaro:
Kai ɗin da ko tashar Sakkwato ba ka wuce ba, ina ka san ma'aikacin jirgi?

Alhaji Albasa, Aliero:
Duk kun bar babbar magana. Ta ina zai bi ya kai Abuja? A Mayun nan na 2020 an hana shiga wata jiha daga wata, ga dokar hana fita daga 8 na dare zuwa 6 na safe. Direbana ya bi ta Koko da Yawuri, kafin Kontagora ya ƙirga shinge har ya gaji. An ce kayan abinci ba ruwansu da doka, amma kowane shinge sai ka sauke wani abu. Motar ta kwana biyu a iyakar Neja, albasa ta fara ruwa.

Maman Walid:
Ƙanen maigidana ya zo daga Abuja makon jiya a Naira 15,000, ƙaramar mota.

Sani Kemis, Jega:
25,000 na biya wa yarona, kuma sai da suka sauka suka tsallaka iyaka a kan mashin, wata motar ta ɗauke su a gaba. Ni da ke da takardar kayan magani ma ba su duba ta, hannunka suke dubawa. Kwalin takunkumi mai 50 da nake saye ƙasa da 2,000 yanzu 18,000 yake iso mini, mutane na zagina ni.

Sista Zuru:
18,000? A nan 12,000 ne.

Sani Kemis, Jega:
Wannan mai shafi ɗaya ne Sista, hura shi ki ga ko ba zai kashe ashana ba.

Alhaji Albasa, Aliero:
Ku bar ta takunkumi, tela na ɗinka na atamfa a Naira 100. Ni a faɗa mini wanda zai biya ni buhu arba'in da anka zubar a bakin hanya. Na je ofishin ƙungiyarmu an ce shugaba na itikafi, alhali ko goman ƙarshe ba a shiga ba, masallatan ma ana ta maganar rufe su. Wanda ke da lambar wani babba a shingen Yawuri ya turo mini ta akwati, mota ta biyu na tashi daren Laraba.