An kai ga mantil ko ba a kai ba?

Ɗaliba: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana, ɗan Adam ya riga ya haƙa har cikin mantil, wato dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon duniya. A 2023 jirgin bincike JOIDES Resolution ya yi rami mai zurfin mita 1,268 a tsaunin Atlantis Massif da ke ƙarƙashin teku, kusa da doron da ya ratsa tsakiyar Tekun Atilantika, ya ciro dutsen mantil. Kafin nan ba a wuce wajen mita 200 ba a irin wannan dutse.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, dutsen mantil ne, ban musa ba. Amma ba su je inda yake ba, shi ya hauro ya same su. A wannan doro farantan duniya, wato manyan sassan da fuskar duniya ta kasu zuwa gare su, suna rabuwa a hankali, santimita biyu zuwa uku a shekara. Narkakken dutsen da ke tasowa ba ya isa ya cike gurbin, sai wata babbar tsaga ta riƙa janyo dutsen can ƙasa tana shimfiɗa shi a gindin teku. Abin da aka sa gaba tun asali shi ne a huda ɓawon gaba ɗaya, a ƙetare Moho, wato iyakar da ke tsakanin ɓawo da mantil, wadda masani Andrija Mohorovičić ya gano a 1909. Amurka ta gwada da shirin Mohole a 1961, ta tsaya a mita 183, aka soke shirin a 1966. Tarayyar Soviet ta kai mita 12,262 a yankin Kola na Rasha, ko kusa ba ta yi ba, don ɓawon tudu ya fi kauri nesa ba kusa ba. Na teku kilomita shida zuwa bakwai ne, har yau ba wanda ya ratsa shi.

Ɗaliba: To Yaya, in dutsen ɗaya ne, me ya dame mu da hanyar da aka bi?

Injiniya: Ai ba ɗaya ba ne. Ruwan teku ya daɗe da shiga jikinsa.

Malamin Kimiyya: Ku bari in sa baki. Nan Injiniya ya fi gaskiya. Dutsen feridotait ne, akasarinsa ma'adinin olibin. In ruwa ya ratsa shi sai ya rikiɗe ya koma wani dutse mai suna safentin, ya kumbura, nauyinsa ya ragu idan aka gwada da girmansa, ya saki iskar haidurojin. Amma kada a raina wannan sauyi, wallahi ni shi ya fi ɗaukar mini hankali. A kan tsaunin nan aka gano maɓuɓɓugan Lost City a 2000, hasumiyoyin farar ƙasa, mafi tsawo ta kai mita 60, ƙananan halittu suna rayuwa a cikinsu da haidurojin da iskar mitan, ba ruwansu da hasken rana.

Ɗaliba: Ke nan na faɗi, Malam?

Malamin Kimiyya: Ba ki faɗi duka ba, 'yata. Ita Moho ɗin ba wanda ya taɓa ganinta, ana gane ta ne daga inda gudun girgizar ƙasa a cikin dutse yake ƙaruwa farat ɗaya. Masanin duwatsu Harry Hess ya daɗe da kawo ra'ayin cewa ƙasan ɓawon teku mantil ne da ya sha ruwa. A wuraren da farantan ke rabuwa da sauri, alamu sun fi nuna dutsen gabro ne a ƙasa, wanda na ɓawo ne ba na mantil ba. Amma a masu tafiyar hawainiya, mai yiwuwa Moho iyakar inda ruwa ya tsaya ce kawai. In haka ne, a wasu wuraren mantil yana sama da Moho.

Injiniya: Na ji, Malam. Amma sai ranar da aka ciro feridotait da ruwa bai taɓa ba, daga mazauninsa, zan ce an kai.

Ɗaliba: Ni kuma tambayata, a Atlantis Massif zurfin nawa ruwan ya tsaya?