Kafaɗar da ta taɓa gocewa: a ja ta ko a bar ta?

Sani: Salamu alaikum jama'ar Shara Mansur. Kafaɗata ta dama ta goce bara wajen ƙwallo, aka mayar da ita. Bana wajen jifa a Jamarat, a tsakuwa ta huɗu na ji kamar za ta sake fita. Yanzu kullum a ɗaure nake jin ta, balle in na yini ina tura keken alhazai tsakanin Safa da Marwa. Kowace safiya ina dafa bakin ƙofa in banƙare hannun baya, amma ciwon sai gaba yake yi.

Baba Ilu: Wa alaikumus salam. Ɗana, ci gaba da ja. Zafin nan alamar jijiya ce tana sakewa. Ni da kake gani na fi shekara ban iya sa hula da hannun hagu ba, ja da miƙewa ne suka warkar da ni. Ba littafi na karanta ba, a jikina na gani.

Nura: Gaskiyar Baba ce. Ko a wurin ɗaga ƙarfe, duk gaɓar da ta ɗaure miƙe ta ake yi.

Malam Hamisu: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ciwonku da na Sani ba ɗaya ba ne. Naku sandarewa ce: jakar da ta lulluɓe mahaɗar ta yi kauri ta tsuke, abin da ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, musamman masu ciwon suga. Wannan ja a hankali yana taimaka masa. Ta Sani kuwa sako-sako ta yi. Ina amfanin ƙara wa wando faɗi alhali zamewa yake yi?

Nura: To Malam, in sako-sako ce, me ya sa yake jin ta a ɗaure?

Malam Hamisu: Yauwa, nan ne mutane ke ruɗewa. Ƙashin cinya a ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi. Na kafaɗa kuwa kamar ƙwai ne a kan cokali, kusan kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ne kawai ke taɓa mazauninsa. Abin da ke riƙe shi guringuntsi ne da ya kewaye bakin mazaunin, da jakar nan, da tsokoki guda 4. In kafaɗa ta goce, sau da yawa guringuntsin kan ɓalle daga gaba, jakar ta saki. Sai tsokoki su karɓi aikin gadi, su ɗaure dare da rana don kada ƙashin ya zame. Ɗaurewar da Sani ke ji ke nan. Yana banƙare hannun, kan ƙashin na tura wurin da ya riga ya yage, tsokar ta firgita ta ƙara ƙanƙamewa.

Hajiya Rabi: Ikon Allah. Wato mai gadin yake kora.

Malam Hamisu: Shi ke nan Hajiya. Kuma ku dubi yadda yake yi: hannu sama a gefe, an murɗa shi baya. Haka mai jifa ke ɗaga hannu, kuma a haka kafaɗa ta fi fita, don fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewa ta gaba ake yi. Mu a wajen gashin ƙashi da wannan tsayuwar muke gwada mutum, in ya zabura ya riƙe hannunmu mun gane.

Baba Ilu: Hamisu, ku na zamani komai sai kun tsorata mutum. A da mai ɗori zai ja, ya murza da man shanu, gobe mutum ya koma gona.

Hajiya Rabi: Yaya, ka manta ɗan maƙwabcinmu a Hindawiyya? Sau nawa aka ja masa aka mayar? Har ta kai yana miƙa daga barci take fita, sai da aka yi masa aiki.

Baba Ilu: Wannan yaron dama ba ya jin magana.

Sani: To Malam in ɗaure hannun in zauna? Azumi ya kusa, lokacin ne muke samun na cefane.

Malam Hamisu: Ba zama ba. Ka bar banƙarewar daga yau. Manna gwiwar hannu da haƙarƙari, ka tura bango da bayan hannu kamar daƙiƙa 10 ba tare da ya motsa ba, ka saki, ka maimaita. In wannan ya zauna sai a koma jan roba. Tura keke da sauƙi tunda hannu na ƙasa, amma kada ka ɗaga keken sama da kai a matakala. Sannan ka je likitan ƙashi ya duba, don kafaɗar mai ƙananan shekaru irinka ita ce ta fi yawan sake fita. In hannun ya fara mutuwa ko yatsu na dindiris, kada ka jira.

Nura: Ni dai har yanzu ina ganin ɗan ja kaɗan ba zai yi komai ba.

Malam Hamisu: Taka ta taɓa fita?

Nura: A'a.

Baba Ilu: Sani, in ka je wurin likitan ka tambayo mini ko man shanun nan laifi ne.