Dan Allah ku ba ni shawara, kanji na nema ya fasa min kai

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin yaren Japan a cikinku ku taimaka min. Maigidana yana karatu a Sendai shekara ɗaya kenan, in Allah ya yarda nan da wata huɗu zan bi shi ni da yarinya, shi ne na ce bari in fara koyon rubutunsu tun daga nan kar in je in zama 'yar kallo. Hiragana ɗin nan, haruffansu na sauti guda 46, cikin sati biyu na haddace su har ina yi wa ƙannena yanga, katakana, ɗaya jerin haruffan sautin, shi ma na yi amma har yau シ da ツ suna rikita ni. To da na shiga kanji ne fa, haruffan nan nasu masu ɗauke da ma'ana, na raina kaina wlh. Harafi ɗaya sai ki ga karatu uku, huɗu, jiya na buɗe 生 na ga jerin yadda ake karanta shi kawai na rufe littafin na je na ɗora girki. Kuma wai sai mutum ya san 2,136 kafin ya karanta jarida. Shi oga ba ruwansa, da Turanci suke karatu, in ya shiga kanti kyamarar waya yake haskawa ta fassara masa, ni kuma ba na son rayuwar nan ta komai sai na ɗaga waya. Ta ina zan kama? Kuma tsakani da Allah akwai wanda yake jin daɗin abin nan ko duk haƙuri kuke yi?

Abu Hanif Nagoya:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ki fara cire 2,136 ɗin nan daga ranki tukuna. Jerin jōyō ne, wato kanjin amfanin yau da kullum, da gwamnatinsu ta sabunta a 2010, kuma su kansu yaran ƙasar ba dare ɗaya suke sha ba, ɗan aji ɗaya 80 kacal ake ba shi a shekara, kafin ya gama firamare shekara shida ya yi 1,026, sauran sai a sakandare. Ke kuma kina son haɗiye su a wata huɗu ga goyo ga girki.

Kuskuren da kike yi ni ma shi na yi wata shida ina ɓata lokaci, wato haddace jerin karatun harafi shi kaɗai. Abin da ya jawo yawan karatun shi ne daga Sin haruffan suka zo musu, suka karɓe su da lafazin Sinanci, shi ake ce wa on, sannan suka liƙa musu kalmominsu na gida, shi ne kun. Shi ya sa 山 in yana shi kaɗai yama ne, dutse, amma a 富士山 sai ya koma san, Fujisan. Mu ma fa muna da irinsa ba mu lura ba ne, 2 muna cewa biyu amma da an sa sifili ya zama 20 sai mu ce ashirin, kalmar da muka aro daga Larabci, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya ce haddace karatun 2 kala biyu ne. A cikin kalma kika koya. To haka za ki yi. 日曜日 Lahadi kenan, nichiyōbi, 日 ya fito sau biyu a ciki, farko nichi ƙarshe bi, ki riƙe kalmar ɗungurungum ki wuce abinki. Shi kuwa 生 ki bar shi da 先生 sensei malami da 学生 gakusei ɗalibi, sun ishe ki yanzu.

Ummu Yasmin:
'Yar uwa sannu, ni ma biyo miji na yi, shekarata uku a Tsukuba. Ki bi ta inda rayuwa za ta matsa miki, wato kanti. Na farko 豚 alade, 豚肉 naman alade, 牛 saniya, 鶏 kaza, 魚 kifi, 酒 giya. Bayan kowane kwali akwai wurin da aka rubuta 原材料名, nan ake jera abin da aka haɗa, can za ki kai ido. Kuma kar ki raina katakana dan Allah, rabin abin da ke kama mu a nan yake ɓuya, ポーク alade ne da Turancinsu, ラード kitsensa, ゼラチン shi ma sai an bincika daga me aka yi shi, sai みりん da suke zubawa a girki wanda akwai giya a ciki. Ranakun sati kuma 月火水木金土日 dole ne saboda shara, kowace iri da ranarta, in kika fitar ba ranar ba za ki tarar da ledarki an manna mata takarda an bar miki ita, na sha wannan kunyar gaban wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Sai 入口 mashiga, 出口 mafita, 男 da 女 a ƙofar banɗaki. Wanda na fi ƙauna duk cikinsu 半額, rabin kuɗi, da dare suke manna shi a jikin abincin da ya rage 😄

Sadiq Mota:
Hajiya ni da kin bi ta tawa Sinanci za ki koya, a nan kasuwa take, jifa ɗaya tsuntsu biyu tunda rubutun ɗaya ne.

Abu Hanif Nagoya:
Sadiq Sendai za ta ba Guwanzu ba. Kuma ba ɗaya ba ne sosai, 手紙 a Japan wasiƙa ce, a Sin takardar banɗaki. Ka aika wa abokin cinikinka mu gani.

Malam Na Tudu:
Baiwar Allah kin tambayi daɗi ba wanda ya amsa miki. Ni ban taɓa taka Japan ba, sha'awa ce kawai ta kama ni shekara huɗu yanzu, kuma daɗin ya fara ne ranar da na daina ganinsu a matsayin zane-zane na gane gini ne. 木 itace, biyu 林 kurmi, uku 森 daji. Mutum ya jingina da itace 休, hutu. Rana da wata 明, haske. Namijin da Ummu Yasmin ta kawo, gona 田 ce a sama ƙarfi 力 a ƙasa. Ba duka ne suke da labari mai kyau haka ba, kar in yaudare ki, mafi yawansu gefe ɗaya yana nuna dangin ma'ana ɗayan yana nuna sauti. Ɗigo ukun nan 氵 ruwa ne, shi ya sa za ki gan su a 海 teku, 池 tafki, 洗 wanki, har 酒 ɗin, ruwa ne kusa da tulu. 青 kuma sei ake karanta shi, to 晴 da 清 da 静 duk suna ɗauke da shi kuma duk suna da karatun sei, kin ga harafi ɗaya ya buɗe miki ƙofa uku.

Sannan ki rubuta da hannu. Wanda ya yi makarantar allo ya san abin da hannu ya rubuta ya wanke ya sake rubutawa ba ya gudu. Littafin lissafi na yara mai gida-gida ya isa, harafi ɗaya gida ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, hagu zuwa dama. Matsalarki ta シ da ツ ma a nan maganinta yake. シ ɗigonsa a jere suke gefen hagu, dogon kuma daga ƙasa yake tashi sama kamar し. ツ ɗigonsa a sama suke, dogon ya gangaro ƙasa kamar つ. Hannu ya yi sau ashirin shi kenan an rabu.

Khalifa_99:
Malam Allah ya ƙara lafiya amma a nan ban bi ka ba gsky. Su kansu Japanawa yanzu a waya suke bugawa, da yawa suna karanta harafin da in ka ba su biro sai sun yi tunani. Anti lokacinta kaɗan ne, ta sauke Anki, manhajar haddace kalmomi, kyauta ne a Android, kalma uku sabbi kullum ba fashi, wata huɗu ta haura 350. Ta riƙa leƙa NHK News Web Easy, labarai ne gajeru da furigana, ƙananan hiragana a saman kanji kamar dai wasali a Larabci, da haka ni na fara karanta manga ma, littattafansu na labarin zane.

Malam Na Tudu:
Khalifa ban ƙi taka ba. Ɗari na farko dai ta rubuta su, daga nan ta bi wayarka.

Ummu Yasmin:
Na manta, ki lura da jan wasali da shadda, mu Hausawa kunnenmu ya saba, kamar gari na zama da gari na tuwo. Obasan goggo ce, obaasan kaka, kar ki tsufar da matar mutane. Ƙaramin っ kuma shi ne shaddarsu, kite zo, kitte kan sarki.

Maman Ilham:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Malam wlh シ da ツ sun zauna tun daren jiya, littafin lissafin ƙanina na ƙwace. Na sa oga ya ɗauko min hoton abin da ke cikin firij ɗinsa in gwada, akwai wata roba da aka rubuta 鯖 ban san karatunsa ba amma na hango 魚 a gefe na ce masa wannan kifi ne, ya ce ya aka yi kika sani. Ga kuma 半額 ɓaro-ɓaro a jiki, ashe bawan Allah sai dare yake cefane shi ya sa in na kira ƙarfe ɗayan rana nan sai in ji hayaniyar kanti 😂 Ummu Yasmin zan biyo ki ta akwati ki turo min hoton takardar sharar nan in fara da ita.