Tsadar kayan keke a Bauchi: kowa ya faɗi yadda yake fama

Malamin firamare, Jahun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon masu hawa keke a cikinmu su taimaka da abin da suka gani da idonsu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000, na jingine mashin na koma keke. Ba ni kaɗai ba ne. Duk mai bin hanyar Yelwa da safe zai ga yadda kekuna suka dawo, har da masu babbar riga. Abin da ya dame ni shi ne kayan gyara. Taya, tiyub, cen, boris, komai ya yi tashin gwauron zabi, wani abin kuma ko da kuɗinka a hannu sai ka zaga kasuwannin Wunti da Muda Lawal ba ka samu wanda ya dace da kekenka ba. To ku yaya kuke yi? Wane gyara ne mutum zai iya a gida, wanne ne dole sai an kai wa mai gyara?

Mai shagon kayan keke:
Wa alaikumus salam Malam. Bari ni da ake zagi in fara. Kusan duk abin da ke shagona daga waje yake zuwa, yawanci Sin da Indiya. Akwai wani gari a Indiya, Ludhiana, can ne cibiyar ƙera kekuna da kayansu, can kamfanin Hero yake. Kaya su sauka Legas, su biyo ta Onica ko Kano, sannan a ɗoro su a mota zuwa Bauchi, ita ma motar ba ruwa take sha ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. In na sayar da taya a tsohon farashi, na je sari sai in tarar uwar kuɗin da ribar duka ba su sayen madadinta. Haka shaguna da dama suka rage kaya, ba ɓoyewa ake yi ba.

Ƙarancin kuma ga inda yake. Mai shigo da kaya ba ya son kuɗinsa ya kwanta, saboda haka yana kawo abin da ke fita da sauri: taya, tiyub, robar birki, feda. Abin da sai jifa-jifa ake nema, irin su sandar birkin tsohon keke ko wili mai rami 40, shi ne ke ɓacewa. Kuma maganar gaskiya, kaya hawa-hawa ne. In na fito da mai kyau na faɗi kuɗinsa sai mutum ya ce in ba shi mai sauƙi. Gobe ya dawo yana faɗa. Araha dai ba ta ado.

Dattijo, Ƙofar Ran:
Allah ya yi muku albarka yarana. Nawa Raleigh ne, tun ina saurayi yake hannuna, lokacin da keke ke da lasin kuma ana harhaɗa Raleigh a Kano. Jikinsa garau har yau. Abin da mai shago ya ce game da wili gaskiya ne: irin namu sifok, wato wayoyin da ke shiga ramukan wili, 32 ne a gaba, 40 a baya, su kuwa kekunan yanzu galibi 36 ne gaba da baya, ba su shiga juna. Ni na daina neman sabo. Duk inda na ji an ce ga mataccen keke irin nawa a zaure ko bayan ɗaki, sai in aika jikana a yi ciniki. In kwance shi, in wanke, in adana a buhu. Abokan hamayyata 'yan jari-bola ne, su a kilo suke saye, ba ruwansu da ko ƙarfen Ingila ne. Ranar da na ga firam ɗin Raleigh lafiyayye a kan sikeli za a tafi da shi narkarwa, abin ya tsaya mini a rai.

Malamin firamare, Jahun:
Amin Baba. In akwai ragowar sirdi mai sifirin a buhun nan, ɗanka yana so.

Ɗalibi, Gwallameji:
Nawa na gwanjo ne mai giya. Akwai wani tarko da nake so mutane su sani kafin su ɓata kuɗi. Taya biyu za su iya ɗauke da lamba 28 a jiki, amma ba girmansu ɗaya ba. Tsohon keke irin na Baba, da Phoenix da Hero manya, tayarsu 28 x 1½ ce, faɗin da'irar wilinsu milimita 635. Yawancin na gwanjo masu siririyar taya kuwa 622 ne, wani lokaci a rubuta musu 700C, wani lokaci 28. Bambancin milimita 13 ne kacal, amma ko za ka kwana kana dannawa ba za ta zauna ba. Masu ƙatuwar taya da aka rubuta wa 26 kuma 559 ne. Ku duba gefen tayar, akwai ƙananan lambobi kamar 40-635 ko 37-622. Lambar da ke bayan ɗan layin, wato 635 ko 622, ita ce abin dubawa. Ni yanzu hoton lambar nake ɗauka a waya in nuna a shago, domin wani yaron shago ya taɓa rantse mini cewa duk 28 ɗaya ce, kuma an ƙi karɓar kaya bayan an kwance leda.

Haka bawul. Akwai irin na mota, akwai siriri mai ɗan noti a kai, akwai tsohon yayi mai 'yar roba a ciki. Shi tsohon yayin, in iska na sauka a hankali, sau da yawa robar nan ce ta tsage, ba tiyub ba. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Giya kuwa, da abin da ke sauya ta a baya ya karye, na nemi irinsa na gaji. Sai mai gyara ya cire shi gaba ɗaya, ya rage tsawon cen ya ɗora a haƙori na tsakiya. Keken ya zama mai giya ɗaya. Cikin gari ba na jin komai, sai in an zo hawa ne nake tuna abin da na rasa.

Uwar yara, Fadaman Mada:
Ni ba na hawa, amma kekunan 'yan makaranta uku nake riƙe da su, don haka ni ma ina da bakin magana. Babban abin da ke cinye mana kuɗi faci ne. Yaran nan ba sa bin titi, sai sun yanke ta fili, filin kuma duk tsidau ne. Da rani in ya bushe, kowane mako sai an turo keke gida. Abin da ya rage mana wahala, babansu ya tsaga tsohon tiyub ya cire bawul ɗin, ya shimfiɗa shi cikin taya kafin a sa mai kyan. Keken ya ɗan ƙara nauyi, amma ƙaya ba ta cika kaiwa ciki ba.

Babban yaron kuma ya koyi faci. Ya hura tiyub ya tsoma a bahon ruwa ya ga inda ke kumfa, ya goge wurin da sanfefa, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska har ya daina sheƙi, sannan ya manna ya danne. Gaggawar mannawa tun yana jiƙe ita ke sa faci ya tashi. Kuma sai ya bi cikin tayar da yatsa ya ciro ƙayar, in ba haka ba a wuri ɗaya za ta sake hudawa. Sholishon dai a ɗakina yake kwana, a kulle. Iyaye kun san dalili.

Mai gyaran keke, bakin kasuwa:
Hajiya sannu da ƙoƙari, kin raba ni da kwastoma uku, amma na yafe. Faci, ɗaure noti, canza robar birki, wanke cen, duk a yi a gida, ba na baƙin ciki. Sai dai akwai abin da nake gani kullum da nake so a daina.

Baƙin mai. Kowa ya samu na inji da aka juye sai ya kwarara wa cen har yana ɗiga. Da hunturu ƙura ta hau kai, ta haɗu da man ta zama kamar sanfefa, tana cin cen da firiwil, wato haƙoran baya da cen ke hawa, tare. A wanke cen da kananzir da tsohon buroshi, a bari ya bushe, a ɗiga man keken ɗinki ko sabon man inji kaɗan a kowace gaɓa, sannan a share na waje da tsumma. Man da ke aiki shi ne wanda ya shiga ciki. Kuma kada mai ya taɓa taya ko robar birki.

In kana so ka san cen ya ƙare, ɗauko rula mai inci. Sabon cen, daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, saboda haka ƙusa ta 24 bayan wadda ka fara da ita za ta faɗo daidai kan inci 12. In ta zarce da abin da ya kai ɗaya bisa takwas na inci, ya gama aiki, kuma mai yiwuwa ya riga ya cinye haƙoran firiwil. Wanda ya canza da wuri cen kawai zai saya. Wanda ya yi ta lallaɓawa zai sayi biyu, a wannan tsadar. Ɗalibi, ka kula kuma, cen ɗin keke mai giya ya fi na babban keke siranta, kada a ba ka wannan a madadin wancan.

Boris ma ba girma ɗaya ba ne. Na ƙafar baya ya fi na gaba girma, galibi tara-tara ne a kowane gefe a baya, goma-goma a gaba. In za ka kwance, shimfiɗa tsumma a ƙasa ka ƙirga abin da ya fito, ka wanke, ka sa giris sabo, kada ka haɗa tsoho da sabo. Wajen ɗaurewa kada ka matse har ƙafa ta ƙi juyawa, kada kuma ka bari tana girgiza. Feda ta hagu kuwa zarenta a juye yake, ɓangaren dama ake murɗa ta in za a kwance. Na sha karɓar keken da aka murɗe fedarsa da ƙarfi ta inda ba nan ba har zaren ya lalace, aikin sifana ɗaya ya koma sayen hannun feda.

Wanda ba na so a taɓa a gida shi ne miƙar da wili. Mutum ya ga ƙafa na rawa sai ya kama sifok ɗaya ya yi ta ɗaurewa da filaya, ya kawo mini ita ta zama kamar faifan da aka zauna a kai. Wannan da walda a firam ko cokalin gaba, a kawo mana.

Manomi, Kangere:
Ku na gari kuna da sauƙi. Mu keke shi ke kai buhu kasuwa, shi ke ɗauko jarkoki. Ƙafar baya ce ke shan wahala, sifok na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Na lura in ɗaya ya tsinke ka bar shi, na kusa da shi ne ke bi, don haka ranar kasuwa nake sa a maye gurbinsa. Taya kuwa in gefenta ya tsage, ina sa guntun tsohuwar taya ta ciki in ɗinke da zaren buhu, wani lokaci in naɗe da roba ta waje. Da babu gara ba daɗi. Wani abu kuma, tun da na daina barin keken a rana a bakin gona, na koma jingine shi a inuwa, taya ta daina tsattsagewa da wuri.

Mai gyaran keke, bakin kasuwa:
Kawu, ɗinkin nan a ƙafar baya kawai, don Allah. In tayar gaba ta fashe kana gangara da buhu, ba kai ke da iko da keken ba. In sabuwa ɗaya ka iya saye, sa ta a gaba, ka mayar da ta gaban baya. Kuma ka riƙa cika iska sosai. Taya mai laushi ƙarƙashin kaya ita ke sa wili ya tsunkule tiyub, ka ga huda biyu gefe da gefe.

Tela, Azare:
Mu nan abin da muka yi, mu da muke layi ɗaya muka haɗa kuɗi, in wani zai shiga Kano sarin yadi sai ya haɗo mana da taya da tiyub a dozin. Ana samun ragi. Wahalarsa ita ce in aka kawo wanda bai yi ba, babu wanda za ka mayar wa, shi ya sa kowa ke rubuto lambar tayarsa kamar yadda ɗalibin nan ya ce, kuma tiyub sai an hura a gaban mai shago.

Mai shagon kayan keke:
Malam tela, in kun kai dozin ku zo wurina ma za a yi muku ragi, ba sai kun biya kuɗin motar Kano ba. Masu neman abin da ya yi wuya kuma, irin su sandar birki da wili mai rami 40, ku kawo tsohon a hannu ku bar ɗan kafin alƙalami. Ina sari duk wata, in na samu na kawo, in ban samu ba kuɗinku na nan.