Shawarwarin malaman Damagaram kan rubutun insha'i

A wata tattaunawa da malaman sakandare suka yi a Damagaram kan insha'in jarrabawar bakaloriya (ta kammala sakandare), bakinsu ya zo ɗaya: kada ɗalibi ya ɗora alƙalami bai fahimci tambaya ba. Ya ja layi ƙarƙashin muhimman kalmominta, sannan ya tsara gabatarwa, gundarin bayani da kammalawa.

Sun fi daɗewa kan hujja, kuma da gaskiyarsu. In ka rubuta cewa Damagaram ta taɓa zama babban birnin Nijar, faɗi cewa a 1926 aka mayar da shi Yamai. Kowane sakin layi ya ɗauki ra'ayi guda da misalinsa.

Wata malama ta koka da masu juya Hausa zuwa Faransanci kalma bayan kalma. Ta roƙi ɗalibai su ware lokacin sake karantawa kafin miƙa takarda.