Shin "instability" rashin tsaro ne, ko wani abu daban?

Ɗan Samaru: Jama'a, ni na tsaya kan bakana. Duk inda Bature ya rubuta instability kan yankinmu, rashin tsaro yake nufi. Mai fassara labarai da ya ce "rashin tsaro" bai yi kuskure ba, a daina ɗora masa laifi.

Malamin Turanci, Ƙaura: Yaya, ka yi haƙuri, ba haka ba ne. Rashin tsaro shi ne insecurity. Ita instability tushenta Latin ne, daga kalmar da ke nufin tsayawa. Stable shi ne abin da ya tsaya da gindinsa, instability kuma halin abin da ya kasa tsayawa. Ana faɗinta kan gwamnati, kan kuɗi, kan gini, har likita kan kira majinyacin da numfashinsa ke hawa da sauka unstable. Ina ɗan bindiga a nan?

Hajiya mai atamfa: Allah ya yi maka albarka Malam. Ni a kasuwa na san ta. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da 500 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. In saro kaya a Kwari, kafin in karyar da su a Gusau kuɗin ba su isa in sake saro irinsu. Ba wanda ya tare ni a hanya, amma jarina ya zaizaye.

Ɗan Samaru: Hajiya, to a Zamfara wa zai raba su? An kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. A Satumba aka rufe kasuwannin mako, Shinkafi da Talata Mafara duka, aka katse layukan waya. Farashi ya birkice. Me ya jawo? Ba tsaro ba?

Malamin Turanci, Ƙaura: Shi ya jawo, ban musa ba. Amma kai da bakinka ka ce "ya jawo". Ashe abu biyu ne, ɗaya ya haifi ɗaya.

Baba tsohon ma'aikaci: Ku saurara yara. Juyin mulki biyu a 1966, sai 1975, 1983, 1985, ga na Abacha a 1993. Lokacin da Babangida ya kifar da Buhari, nan Gusau ƙarƙashin jihar Sakkwato muke, muna bin hanyar Funtuwa cikin dare ba fargaba. Tsaro akwai, mulki ne bai zauna ba. Ko a 2019, saura kwana biyar a rantsar da gwamna, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC gaba ɗaya, Matawalle na PDP ya hau. A 2021 ya koma APC ɗin, a 2022 majalisa ta tsige mataimakinsa. Ma'aikaci bai san wanda zai sa hannu kan takardarsa gobe ba. Tukunya ce kan murhu mai duwatsu biyu, ba ta kife ba, amma ba mai sakin ta.

Ɗan Samaru: Na ji Baba. To da Hausa me za a ce? Rashin kwanciyar hankali?

Hajiya mai atamfa: Wannan a zuciyar mutum yake. Naira tana da hankali ne?

Baba tsohon ma'aikaci: Tangal-tangal. Kowa ya san ta.

Malamin Turanci, Ƙaura: Ta dace da gwamnati da tattalin arziki, Baba. A farashi kuwa hawa da sauka ya fi zama. Abin da ke damuna shi ne, in aka mayar da komai rashin tsaro, manomin Bakura zai ɗauka da an kori 'yan bindiga kuɗin taki zai daidaita, alhali taki da dala yake tafiya.

Ɗan Samaru: Kan naira na yarda. Kan Zamfara ban yarda ba tukuna. Wanda ya baro gonarsa a Dansadau, ku ce masa tangal-tangal ku ji amsar da zai ba ku.