Yaya ake tantance dawakin All American Futurity?

Mai_Sukuwa: Jama'a, ta yaya doki ke samun gurbi a zagayen ƙarshe na wannan tsere da aka saba yi a filin sukuwa na Ruidoso Downs, jihar New Mexico ta Amurka?

Ɗan_Barga: 'Yan shekara 2 kaɗai ke shiga. Ana fara gwaji rukuni-rukuni, nisan yadi 440, agogo ke yanke hukunci, dawaki 10 ke tsallakewa. Doki kan ci rukuninsa amma ya rasa gurbi idan iska ta buso masa ta gaba.

Sarkin_Zagi: Haka ne, Malam. Gudun duka daƙiƙa 21 ne da ɗoriya, a miƙe, babu kwana. Wanda ya yi tuntuɓe a bakin ƙofar fara tsere, tasa ta ƙare.

Ɗan_Barga: A 2024 ma ambaliya ta lalata filin, sai aka kai tseren birnin Albuquerque.